Dubiya da Kaye a Mayafi

Hamida tana durƙushe a bakin ƙofar ɗakin, kwanon kunun gyaɗa a gabanta, kaye, littafin da ta rubuta shirin darasinta, a ɓoye cikin mayafi, kunya kamar ta nutse. Wa yake zuwa dubiya da tasa buƙatar? Amma jibi Alhamis sufeto zai zo daga Magarya ya zauna a bayan ajinta, kuma abin da ya rubuta shi zai sa a bar ta a aiki ko a sallame ta. Darasin da ya faɗo mata kuwa na jimlolin korewa ne a Ingilishi, inda ƙananan kalmomin nan na gaban suna, irin su "a" da "any", suke yi mata ƙafar ungulu tun tana ɗaliba.

Mushe Ajimi (Mushe ake ce wa malamin boko a nan), maƙwabcinta a Waca, ya shekara talatin yana koyar da harshen kafin ya ajiye alli. Duk wanda ya bi ta hannunsa ya san halinsa: ba ya rubuta wa kowa amsa, sai dai ya ja layi da jan bik, wato biro, a ƙarƙashin kuskure, ka je ka yi ta fama. Yanzu ga shi a kan tabarma, ciwo ya cinye shi, numfashi ma da ƙyar.

Ta gaishe shi, ta yi masa addu'a, ta yunƙura za ta tashi.

"Ɗiyata, mayafin nan naki yau ya yi kusurwa huɗu," in ji shi. "Miƙo."

Ta rantse ba komai ba ne. Matarsa Ƙande ta harare shi, ta ce mutumin da cokali ya gagare shi ina shi ina bik. Bai saurare su ba, sai da ta miƙa masa kayen, ya tura shi ƙarƙashin matashi, ya ce ta dawo gobe.

Laraba ta leƙa sau uku, duk yana barci. Ta kasa cin abinci. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita kanta ba ta san wanne ya fi tsorata ta ba, mutuwarsa ko sufeto.

Ranar Alhamis da hantsi tana ɗaura kallabi ta ji salati ta bayan katanga. Ta shiga ta tarar an rufe shi da zane. Ta zauna cikin mata tana kuka, ta ce yau ba inda za ta.

Ƙande ce ta ɗora mata kayen a cinya. "Tashi ki tafi lakwal, ɗalibanki na jira. Jiya da la'asar ya sa na riƙe masa shi a gaban ido har hannuna ya gaji. Ki dawo ki same mu, zaman makoki ba ya gudu."

A aji, kafin ɗalibai su gama shiga, ta buɗe kayen. Babu ja ko ɗigo. Sai da ta karkata takardar wajen taga ta ga ƙananan ramuka a ƙarƙashin wasu kalmomi, inda ya danna da farcen babban yatsa. Huɗu a shafin farko, biyu a na biyu. Ta duba kowanne, ta gane, ta gyara.

A shafi na uku alamar guda ce, can sama, ita ma ba ta yi zurfi ba. Nan ƙarfinsa ya ƙare. Daga nan har ƙasa takardar sumul take, ga sauran shafi biyu.

Sufeto ya ja benci a baya ya zauna. Hamida ta goge ido da gefen mayafi, ta ɗauki alli.