Jirgin Soso da Makullin Mota

Ranar da 'yarsa ta ɗauke makullin motar daga ƙusar bayan ƙofa, Direba bai hana ta ba. Shekara talatin da takwas yana jan doguwar bas, ko akuya bai taɓa takewa ba, sai ga shi da tsufansa ya goga ƙaramar motarsa a ƙofar gida sau biyu cikin wata guda. Ita nas ce, kuma sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka ba ya iya yi mata tsawa. Ta ce idonsa ya yi rauni. Ya ce ƙofar ce ta yi ƙunci.

Don ta rage masa zaman banza, ta sayo masa jirgin sama na wasa, irin wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa. Farin soso ne, fiffikensa ya kai tsawon hannu, da farfela a hanci. Kwana uku yana hararar abin a kan tebur kafin ya yi magana.

"Uwata, in na tashi wannan abin na sauke shi lafiya a gabanki, za ki maido min makullina?"

Ta yi dariya. "Na yarda, Baba."

Ita wasa ta ɗauka. Shi kuwa ya riƙe maganar da hannu bibbiyu.

A filin bayan tsohuwar masaƙa masu irin wannan jirgi suke haɗuwa kowace Asabar da safe. Babbansu wani mai gyaran rediyo ne, mutum mai haƙuri da ɗan karen surutu. Ya haɗa rimot ɗinsa da na Direba da doguwar waya, don in ɗalibi ya kwafsa, malami ya karɓe tuƙin.

"Baba Direba, abu ɗaya ne wahalar," in ji shi. "In jirgi ya ba ka baya, damansa damanka ne. In ya juyo yana fuskantarka, komai ya juye. Ka tura dama, ya nufi hagunka."

Nan fa ake yinta. Duk rayuwarsa a cikin abin da yake tuƙawa yake zaune, bai taɓa tuƙa abin da ke tunkaro shi ba. Da jirgin ya juyo, sai yatsunsa su koma sitiyari. Ya san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma bai karaya ba. A falo yakan riƙe takalminsa sama, ya nuno bakinsa wajen fuskarsa, yana karkata shi yana ƙunƙuni. Mako bakwai yana haka, har hannun ya ji magana.

Ranar alkawari aka cire wayar. 'Yar ta kawo shi a motarsa, ita ke ja, ta tsaya gefe da kayan aikinta a jiki.

Jirgin ya tashi sumul. Ya zagaya sau ɗaya, ya zagaya na biyu, har daɗi ya fara kama Direba. A na uku ya bari ya yi nisa, can wajen tankin ruwa, farin abu cikin farin gajimare. Ya ƙanƙance ido. Ɗigo kawai yake gani. Zuwa yake ko tafiya? Ya yi kirdado, ya tura dama. Ɗigon ya karkace, ya ƙara turawa, sai jirgin ya sulmiyo ya daki ƙasa da hanci.

Suka tsinto fiffike a nan, batir a can.

"Kada ka damu, Baba Direba!" in ji mai gyaran rediyo. "Juyewar hannu ce, kowa da haka ya fara. Ni huɗu na fasa."

Tausayi ya kama 'yar. Ta miƙo makullin. "Baba, ai ka tashe shi, har ka zagaya sau biyu. Ungo abinka."

Ya dubi makullin da yake mafarkinsa wata biyu. Malamin ya riga ya yi masa uzuri, abin da ya rage kawai ya yi shiru ya karɓa. Sai ya tuna mararrabar gaban kasuwa, da masu keke, da mata masu tsallaka titi da kaya a ka.

"Riƙe, Uwata," ya ce. "Hannuna bai juye ba. Ban ga ko zuwa yake ko tafiya ba."



Direba ya rungumi tarkacen soson, ya zagaya ta gaban motar, ya zauna a kujerar fasinja. 'Yar ta ja motar suka nufi gida. Sai dai duk kwanar da suka zo, ƙafarsa tana danna ƙasan motar, inda babu birki.