Maganin Inna

Mai Jaka kowa yake ce mata a unguwa, har wasu sun manta tana da wani suna. Ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin unguwar, aikinta bin gidaje: ta duba masu juna biyu, ta leƙa jarirai, ta auna jinin tsofaffi da wata na'ura mai batir da take yawo da ita a jakar.

Tana da wata ƙa'ida da babu wanda ya ɗora mata. Daga gida mafi nisa take farawa, ta yi ta gangarowa, gidansu ne na ƙarshe, wai don kada a ce ta fifita nata. To a gidan nasu akwai Inna, mahaifiyarta, wadda hawan jini ya taɓa kayarwa a bakin murhu. Likita ya ce kullum ta sha magani, kuma a riƙa aunawa. Amma kafin Mai Jaka ta iso gida ƙafafunta sun yi nauyi, batir ma ya yi sanyi, sai na'urar ta yi ɗan gurnani ta mutu a rabin hanya.

"Kawo hannun, Inna," takan ce.

"Ke da kayan aikinki duk kun jigata. Zauna ki ci abinci. Hannun guduwa zai yi?"

"Kina dai shan maganin ko?"

"Dubi kwalbar mana, uwar likitoci."

Kwalbar tana kan taga. Yayan Mai Jaka ne ya sayo maganin da yawa daga inda yake aiki, kuma kullum raguwa yake yi. Da ta kalla sai hankalinta ya kwanta.

Ana nan sai maganin hawan jini ya yanke a asibitin. Cikin waɗanda abin ya fi taɓawa har da uwar telan unguwar, ƙawar Inna tun ƙuruciya, wadda katanga ɗaya ta raba gidajensu. Jininta ya hau ya ƙi sauka, ga Mai Jaka ba ta da abin ba ta sai baki: a rage gishiri, a riƙa ɗan tattaki. Ikon Allah, bayan ɗan lokaci jinin ya fara sauka. Duk zuwan da ta yi, ragowar ƙarfin batir a hannun uwar tela yake ƙarewa, kuma awon yana yin kyau. Mai Jaka ta ji daɗi ƙwarai, har a asibiti sai da ta ba abokan aiki labari, kanta ya ɗan kumbura.

"Kin ga ƙawarki, Inna? Ko ƙwaya ɗaya ban ba ta ba, shawara kawai."

"Ai kin iya aikinki," in ji Inna, tana murza ƙeyarta.

Wata rana da hantsi tana can ƙarshen unguwa, jariri a hannu, sai ga tela a kan babur ko takalmi babu. Ya ce Inna ta faɗi wajen shanya, ya ɗauko ta suka nufo gida. A ranar sabon batir ne a na'urar, ta auna tsaf, ta nuna abin da Mai Jaka ba ta taɓa gani a hannun kowa ba. Kafin mota ta kai su babban asibiti rai ya yi halinsa.

Mai Jaka ta yi kuka har muryarta ta dushe. Abin da ya fi cin ta shi ne rashin sanin dalili: mutum yana shan magani kullum, ta ina aka yi haka?

Da masu gaisuwa suka ja baya, uwar tela ta shigo tana dafa bango. Ta zauna a gefen gadon Inna, ta kwance bakin zanenta, ta fito da 'yan ƙwayoyi farare a ƙulle cikin leda.

"'Yata, ga sauran na marigayiya. Kullum da safe take miƙo mini ta kan katanga. Ta ce yayanki ya kawo mata da yawa, har sun yi mata yawa. Ta ce kada in faɗa miki, faɗa za ki yi."

Mai Jaka ta dubi ledar, ta ɗaga kai ta dubi kwalbar da ke kan taga. Ta ji kamar ta kurma ihu. Tsohuwar ta zuba mata ido, alamar ita ma ta fara ganewa.

"Ba dai nata ne na sha ba?"

Mai Jaka ta share fuska da bayan hannu. Ta tashi ta ɗauko kwalbar, ta juye 'yan ƙwayoyin a ciki, ta damƙa mata a tafin hannu ta rufe da nata.

"Ɗaya kullum da safe, Gwaggo. Kada ki tsallake ko rana ɗaya."

Sannan ta jawo jakarta, ta ce ta naɗe hannun riga.