Suna na goma sha uku

Shekara shida Uwar Biyu tana share Cibiyar Nazarin Haƙƙin Ɗan Adam da Dimokuraɗiyya. Ita ke buɗe tagogi, ita ke jera kujeru, ita ke kwashe robobin ruwa in an gama taro. A shekara ta biyar aka kashe mijinta.

Mai gyaran takalma ne. Ranar da aka yi zanga-zanga yana zaune a gindin bishiyarsa da takalmin wata mata a cinya, harsashi ya same shi a wuya. Mutum goma sha uku suka mutu a ranar, har da shi.

Cibiyar ba ta bar ta ba, a faɗi gaskiya. Sau uku ɗalibai suka zaunar da ita suka kunna rikoda. Ta ba da labari, ta yi kuka, suka ce ta maimaita wajen harsashin saboda fanka ta yi ƙara.

Da shekara ta zagayo, Farfesa, shugaban cibiyar, ya ce za a kafa allo a zaure da sunayen mamatan. Uwar Biyu ba ta nemi komai a wurin kowa ba sai wannan. Tana so ta kawo tagwayenta su tsaya su karanta sunan ubansu a bango da kansu.

Sai Sakatariya ta auna allon da rula ta ce layi goma sha biyu zai ɗauka.

"To, ai ga darasi ya zo mana har gida," in ji Farfesa, yana murza hannu. "Ba zan cire kowa da kaina ba, wannan kama-karya ce. Ƙuri'a za a yi."

Aka tara ɗaliban aji. Uwar Biyu tana raba ruwa tana ji. Wani dogo mai tabarau ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, sha biyun nan sun fito da kwalaye a hannu. Shi kuwa bawan Allahn nan, Allah ya ji ƙansa, ba don dimokuraɗiyya ya mutu ba. Kusa da ita ya mutu."

"Madalla!" in ji Farfesa. "Ku rubuta wannan, zai iya fitowa a jarrabawa."

Ta ajiye tiren. "Ranka ya daɗe, zan iya magana?"

"Iya, 'yancinki ne. Amma sai an gama, kada ki karkata ra'ayin masu zaɓe."

"To hannu fa, zan ɗaga?"

Sakatariya ta duba takarda. "Ba ki cikin rajista, Iya."

Aka ɗaga hannuwa. Sakatariya ta ƙirga sau biyu don kada a ce an yi maguɗi. Mai gyaran takalma ya faɗi zaɓe da rata mai yawa. Aka yanke a rubuta "da sauransu" a ƙasa. Aka tafa. Farfesa ya ce yanzu Iya tana iya magana, amma ɗalibai sun riga sun nufi ƙofa.

Washegari mai fenti ya zo da gwangwanayensa. Tana shara kusa da shi ta gaya masa abin da ya faru, don ba ta da wanda za ta gaya wa.

"Wa ya ce sha biyu?" Ya ja tsaki. "Yaya, allon nan ko ashirin zai ɗauka. Ba wanda ya tambaye ni. Faɗa min sunan."

Ta faɗa. Ya rubuta shi a ƙasa da farin fentin mai, harafi bayan harafi, ita tana riƙe masa gwangwani.

Farfesa bai lura ba sai bayan kwana uku, fenti ya riga ya bushe. Ya tsaya ya ƙirga da yatsa, ya kira ta.

"Iya, ni ba ni da matsala da marigayi. Amma wannan juyin mulki ne. Jama'a sun yi magana. Ki goge layin nan."

"To, ranka ya daɗe."

Ta ɗauko tsumma mai laushi ta goge shi tas. Gobe ma haka, jibi ma haka. Kafin mako ya ƙare layin ƙasa ya fi duk sauran ƙyalli, mai shigowa shi yake fara gani. Ranar Asabar ta kawo tagwayen, suka karanta a tare, ɗaya yana rigan ɗaya.

Ranar Litinin Farfesa ya same ta a durƙushe gaban allon.

"Iya, ba na ce ki goge ba?"

"Kullum ina gogewa, ranka ya daɗe," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ga shi ma ka same ni a kai."

Daga nan ya ce wa Sakatariya ta sa maganar a ajandar zama na gaba, a kafa kwamiti.