Jar Kujerata da Sabon Fenti

Surukata ta kawo mai ƙawata ɗaki, ya shafe falonmu da shunayya mai haske, wai ita ake yayi bana, tana kwantar da hankali. Yana gamawa ya nuna tsohuwar jar kujerata.

"Mama, wannan sai ta fita. Ba ta dace da bangon ba."

"Ɗan nan, bangon ne ya tarar da ita. Shi zai yi haƙuri."

Surukata ta hau sama, ɗana ya shigo, hayaniya ta kaure. Hankalin kowa ya ƙi kwanciya. Na zauna a kujerar, na miƙe ƙafa.

"To, ku ɗauke mu tare."

Suka gwada. Alhamdu lillahi, ina da jiki. Yanzu surukata na neman fentin da zai dace da ja.