Hayaƙin Arca a Kan Kyamara

Damisar ƙanƙara goma sha ɗaya na kama da hannuna a zamanin Sobiyet, dukkansu da ransu, aka loda su a mota zuwa gidajen namun daji. Har takardar yabo aka ba ni. Yau ni ne mai gadinsu a kwarin nan, in akwai sauran abin gadin.

Matata ta rasu, 'ya'ya sun tare a Bishkek, babban birninmu. Daga ni sai dokina, shi ma ba gwanin hira ba ne.

Burul, ma'aikaciyar ƙungiyar kare dabbobi, ta kawo mini kyamarori shida masu ɗaukar hoto da kansu in dabba ta gifta, na kafa a duwatsu. Shekara uku tana hawowa, mu zauna da shayi da busasshen cuku, tana duba hotuna.

"Baba Toktosun, ga awakin dutse, ga dila, ga ka. Ga ka kuma! Wallahi ka fi amarya shan hoto."

"To ki buga ki sayar mana."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "In kaka ta wuce ba mu ga damisa ko ɗaya ba, za a cire kwarin daga wuraren da ake karewa. Masu haƙar zinariya suna jira."

Abin ya tsaya mini a rai. Ni da na san hanyoyin damisa kamar tafin hannuna? Kowace kyamara na kafa ta yadda mahaifina ya koya mini ɗana tarko: a turara ƙarfen da hayaƙin arca, wani itace mai ƙamshi na duwatsunmu, a turara hannu, don kada dabba ta ji warin mutum.

Wata safiya ina tsugune gaban hayaƙin sai gabana ya faɗi. Waɗanda ƙamshin nan bai tsorata su ba, ai na kwashe su tuntuni. Waɗanda suka tsira kuwa sun koya wa 'ya'yansu gudun ƙamshin.

Na goge kyamarorin da ruwan rafi, na mayar da su da hannu tsura.

Bayan sati shida Burul ta juyo mini da hoto. Damisa ce, uwa da 'ya'ya biyu, a kan dutsen da ke saman bukkata.

"Baba, kwarin ya tsira!"

Farin ciki na yi, amma sai na ɗaga kai na dubi dutsen.

"Shekara talatin ina zaton na ƙarar da su, 'yata. Ashe suna nan bisa kaina. Ni suke gudu."