Kujerar Yaya

Tun ranar da Yaya ya shigo gareji yana ɗingishi, ya ce a matso masa da kujerar mota gaba, ya kamata Auta ya sha jinin jikinsa. Amma ina! Shi bakanike in ka kawo masa kuka, sipana yake lalubowa. Yaya wansa ne ciki ɗaya, direban babbar mota, dogo kamar falwaya, wanda a da kullum ƙorafinsa kujerar ta matse shi. Auta ya matso da ita, har yana tsokanarsa wai tsufa ya fara cin tsayinsa.

Yaya ya ce ciwon ƙugu ne na direbobi, wa ya riƙe sitiyari bai yi shi ba? In ya zauna ya naɗe ƙafar dama, lafiya lau. In ya miƙe ta ne wani abu ke tsirowa daga gadon baya, ya sauko matsematsi ya bi cinya. To ai maganin a fili yake, kada a miƙe ta.

Ba a jima ba ya dawo, a ƙara matsowa. Kujerar ta kai iyakarta, Auta ya huda sababbin ramuka. Da ƙafar ta daina kaiwa birki, sai ya ɗaure guntun katako a kai, aiki tsaf abin nunawa. Yana durƙushe a gindin sitiyarin ne ya ji zafin jikin Yaya yana dukan fuskarsa. Rigar sharkaf da gumi, mutum na rawar ɗari da rana tsaka, wando na neman zamewa daga ƙugu. Duk da haka ya ƙarasa ɗaure katakon.

Matar Yaya ta tako har gareji. Ita da ba ta ganin Auta ba ta ce masa "mijina" ta ja shi da wasa ba, ranar ko murmushi. Ta ce zazzaɓin ya ƙi jin magani, abinci ba ya shiga, kwana yake a dunƙule kamar jinjiri, ga wani kumburi ya fito masa a matsematsi.

"Duk inda ciwon nan ya kai shi, kai kake gyara motar ta bi shi," in ji ta. "Ka daina, ko ya yarda ya je asibiti."

Auta ya yi mata alkawari. Washegari Yaya ya zo, ya tuna masa wanda ya fara sa masa sipana a hannu. Kunya ta fi ƙarfin alkawari, ya ƙara wa katakon kauri.

Wata ranar da la'asar motar ta gangaro cikin gareji a hankali ta tsaya. Injin na aiki, ba wanda ya fito. Auta ya haura ya buɗe ƙofa. Yaya na zaune, leɓe a bushe, ido ya faɗa, gwiwa ta kusa taɓa ƙirji. Da ya kama shi zai sauko da shi, ƙarar da ya saki sai da masu walda suka ajiye aiki. Ba yadda za a yi. Auta ya kwance notin kujerar, aka sauko da Yaya a kanta aka ɗora a bayan akori-kura.

Likita ya duba, ya ce ƙurji ne can ciki, a naman da ya haɗa baya da cinya, ya tara mugunya har ta fara shiga jini, kuma ba zai yi musu alkawarin komai ba. Ya tambaya yaya aka yi mai wannan ƙafar ya daɗe haka yana tuƙi. Matar Yaya ta dubi Auta.

Aka turo gadon tiyata. Yaya ya lalubo hannun ƙaninsa ya riƙe.

"Auta, kar ka bari su miƙe min ƙafar nan."

Auta bai taɓa ce masa a'a ba tun suna yara. Ya zare hannunsa, ya matsa gefe ya ba ma'aikatan hanya.