Zakaran Burodi

Ɗantsoho makanike ya yi wata shida a ƙasar Poland yana koyon gyaran tarakta, kuma duk garin Gadarif na Sudan babu wanda bai sha labarin ba. Inda ya zauna wani ɗan ƙaramin gari ne a bakin kogin Bistula, tuddai sun rufe shi ta baya. Akwai rumbunan hatsi na dutse tun zamanin da ake lodin alkama a jirgin ruwa, kogin yakan daskare lokacin sanyi, mutanen kuma burodi suke gasawa da siffar zakara. Guda ya kawo tsaraba, ya bushe, ya ajiye shi a wurin aiki.

Da gwamnatin masu gemu, 'yan ra'ayin addini, ta hau, abokin aikinsa Harisu ya kai rahoto wai Ɗantsoho ya dawo da gunki da aƙidar kwaminis. Aka kore shi. Harisu ya haye kujerarsa, har ya mallaki gona wajen Basunda. Shekara goma sha ɗaya Ɗantsoho yana gyara a kasuwa, abin na cinsa a rai.

Sai ga Harisu wata damina, ido ya raina fata. Ruwan shuka ya sauka, taraktarsa 'yar Poland ta ƙi tashi, kuma ba mai karanta littafinta sai Ɗantsoho. Baƙar ƙasar nan kuwa, in ruwa na biyu ya same ta, ba injin da zai shiga sai baɗi.

"Ya usta, babban gwani, ka taimake ni," in ji Harisu.

"Tamam, na yarda. Amma zauna tukuna ka ji garin da aka ce na yi bautar gunki."

Ya zaunar da shi gaban 'yan kasuwa, ya faro tun daga kafa garin. Wuni guda bai wuce rumbuna ba. Washegari ya shiga yaƙe-yaƙen garin. Harisu sai kallon gabas yake, hadari na haɗuwa.

Rana ta uku Harisu ya miƙe. "Jama'a, wallahi ƙarya na yi masa. Burodi ne."

Sai a lokacin Ɗantsoho ya ɗauki sifana, suka kama hanya. Gyaran bai kai shan shayi ba, wani ɗan bututun mai ne ya toshe. Injin na tashi, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Ɗantsoho ya goge hannu. Ko ɗigon tausayi bai ji ba.

"Khalas, ta gyaru. Sai ka yi shuka baɗi."